Maganar solar garinmu: wai takardun me ake jira har yanzu?

Mai Walda: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya kuma ina so wanda ya sani ya ba mu amsa tsakani da Allah. Tun kafin azumin bara mutanen kamfanin solar nan suka zo suka zagaye gari, suka ƙirga shaguna da injinan niƙa, ni kaina sai da suka shigo shagona suka duba injin walda suka rubuta, aka tara mu a ƙofar fadar dagaci aka ce da an yi sallah za a fara aiki. To ga wani azumin ya zo ya wuce ko turke ɗaya ba a kafa ba. Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka takardu ake jira. Takardun me? A wajen wa? Mu fa kuɗin man janareto ya gama da mu, aikin da za ka karɓa rabin kuɗin a gidan mai zai ƙare, yaran shagona biyu sun tafi birni acaɓa saboda babu abin da zan riƙe su da shi.

Ɗan Autan Hajiya: Wa alaikumus salam. Yaya ai ba sai an faɗa maka ba, wani ne ya zauna a kan fayil yana jiran a gan shi. Ni shawarata mu matasa mu haɗu mu ɗunguma sakatariya ranar Litinin, in ba a ji hayaniya ba babu abin da zai motsa wlh

Sakataren Ƙungiya: Ɗan Auta a yi haƙuri, kar mu ɗora wa mutane laifin da ba mu tabbatar ba. Ni ina cikin kwamitin da dagaci ya naɗa, abin da na sani shi zan faɗa. Kamfanin ya kawo tsarin kilowat 300 da batira, za su yi amfani da turaku da wayoyin da muke da su a gari. Abu uku ne suka rage. Maganar fili ba ta kammala ba, yarjejeniya da kamfanin raba wuta na yankinmu ba a sa mata hannu ba, shi kuma izinin hukumar wutar lantarki ba a ma shigar da takardar nemansa ba tukuna, don sun ce sai biyun farko sun samu. Kenan babu wani fayil namu da ke kwance a Abuja a yanzu haka. Injiniya yana cikin gidan nan, shi zai fi ni iya warware shi.

Injiniya: Salam. Toh bari in yi bayani a hankali, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Irin wannan aiki sunansa ƙaramar tashar wuta ta gari, kuma hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ce ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2016, aka sabunta su a 2023. Ƙa'idar ta raba abin gida biyu. Akwai ƙauyen da wayar NEPA ba ta taɓa zuwa ba, shi in tashar ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai kamfani zai yi, in ta wuce 100 har zuwa megawat 1 sai ya nemi takardar izini. Akwai kuma gari irin namu da turaku suka zo, taransifoma tana nan, amma wutar ce sai ta ga dama, wani lokaci a yi watanni ba a gan ta ba. Mu a takarda muna cikin yankin kamfanin raba wuta, lasisinsa ya rufe mu, don haka wani ba zai zo ya ɗora wutarsa a kan wayoyin nan haka kawai ba. Dole a yi yarjejeniya ta ɓangare uku, mai sola da kamfanin raba wuta da mu al'ummar gari, a rubuta shekara nawa za a yi, nawa mai sola zai dinga biyan hayar wayoyi, in wutar layi ta zo ya za a haɗa su, da nawa za a sayar mana da yunit. Sai an sa hannu a wannan ne ake kai wa hukuma ta amince, kuma ƙa'idar ta ce in takardu sun cika a cikin kamar kwana 30 ya kamata ta yanke hukunci. Matsalar kullum ita ce kafin takardun su cika ɗin. Bayan wannan akwai takardar muhalli, dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli tun 1992 take, ƙaramin aikin sola ba a yi masa dogon bincike irin na madatsar ruwa amma dai sai an rubuta tsarin yadda za a yi da tsofaffin batira da magudanar ruwa da bishiyoyin da za a sare. Can ƙarshe in an gama gini sai NEMSA, hukumar da ke duba ingancin kayan wuta, ta zo ta duba wayoyi da mitoci ta ba da satifiket kafin a saki wuta.

Ɗan Autan Hajiya: To Injiniya tunda ƙasa da 100 rajista kawai ake yi me zai hana su rage ta zuwa 90 a fara, daga baya a ƙara?

Injiniya: Ƙanina wannan sauƙin na inda babu waya ne kwata-kwata, mu ko kilowat 50 ne in dai za a hau wayar kamfanin raba wuta sai da yarjejeniyar nan. Sannan ka lissafa injinan niƙa da na casar shinkafa da masu walda da firji na masu ƙanƙara da famfon burtsatsen asibiti, 90 ba za ta ɗauke su ba, za a ƙare da wutar kunna ƙwai da cajin waya, su Mai Walda kuma su ci gaba da sayen mai. Injin walda in ya ja wuta lokaci guda ba wasa ba ne.

Mai Walda: Gaskiya ne wannan, a'a gara a yi mai ƙarfin. Amma Injiniya shi kamfanin raba wutar me zai sa ya yarda da wuri tunda kamar kasuwarsa za a karɓe?

Injiniya: Kasuwar da ba ya samun komai a cikinta ai. Garin da ba a kawo masa wuta ba mutane ba sa biyan bil, shi kuma yana asara a layin. In ya yarda zai samu kuɗin hayar waya duk wata, kuma a sa'o'in da wutar layi ta zo mai sola zai saya a wajensa a dunƙule ya biya, maimakon bin gida-gida ana rigima. Kuma ba sabon abu ba ne, an yi a Zawaciki ta ƙaramar hukumar Kumbotso a Kano, megawat 1, tsakanin kamfanin raba wuta na Kano, KEDCO, da kamfanin Bagaja da mutanen wurin. An yi a garin Toto na jihar Nasarawa a 2023 tsakanin kamfanin wuta na Abuja da PowerGen. Abin da ke cin lokaci shi ne sai injiniyoyin ɓangarorin biyu sun bi layin turke bayan turke sun rubuta halin da yake ciki, wace waya ce ta ruɓe, wa zai canza ta, sannan maganar tsohon bashin bil da ake bin mutane ita ma sai an san matsayinta. Lauyoyi su ma su yi nasu.

Maman Khadija: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a gafarce ni zan sa baki. Ni ina sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, kuma mu mata masu sana'a a cikin gida mun fi kowa matsuwa a kawo wutar nan, don ƙanƙarar da nake sarowa daga birni kafin mai mota ya iso rabi ta zama ruwa a cikin buhu. Amma Injiniya ya ce mu al'umma muna cikin masu sa hannu, to wa zai sa hannun a madadinmu? Kuma nawa ne yunit ɗin? Don ranar da aka yi taro a ƙofar fada babu mace ko ɗaya da aka kira, labari muka ji a bakin mazajenmu, kowa da irin kuɗin da ya faɗa. Kar a zo a saka mana mita mu ga kati yana ƙarewa kamar ana zuƙe shi a ce ai kun yarda tun farko

Sakataren Ƙungiya: Maman Khadija maganarki gaskiya ce kuma za a gyara. Kamfanin ma da kansa ya nemi a yi zama na mata daban don masu ba su tallafi suna tambaya. Maganar farashi kuwa ba a tsayar ba, lambobin da ke yawo a gari duk hasashe ne.

Injiniya: A kan farashi, ba kamfani ne zai wayi gari ya yanka abin da ya ga dama ba. Hukumar tana da ma'aunin lissafi da ake zuba kuɗin kayan aiki da na gyara da albashin ma'aikata da ribar da aka yarda da ita, ya fitar da kuɗin yunit, kuma in an samu tallafi dole a cire shi daga lissafin don farashin ya sauko. Amma ba zan ɓoye muku ba, zai fi abin da kuka saba gani a bil ɗin NEPA. Ku tuna ko a birni 'yan rukunin A, waɗanda suka fi kowa samun wuta, a Afrilun 2024 an kai musu yunit naira 225. Abin da ya dace kowa ya auna shi ne abin da yake kashewa yanzu a fetur da gas da ƙanƙara da cajin waya da batirin tocila, ya kwatanta. Kuma ku nemi a nuna muku lissafin a rubuce da Hausa kafin kowa ya dangwala hannu, haƙƙinku ne.

Kawu Mai Fansho: Yara ina karanta ku tun ɗazu. Ni na yi aikin gwamnati har na ajiye, kuma abin da ya sa jikina ya yi sanyi da irin wannan zan faɗa muku. A 2016 gwamnatin tarayya ta hannun kamfaninta mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ta sa hannu da kamfanoni 14 za su gina manyan tashoshin sola, sama da megawat 1,000 gaba ɗaya, mafi yawansu a nan arewa, akwai ta Kankiya a Katsina, akwai a Jigawa, akwai a Bauchi. An ware filaye, an yi hotuna, mutane sun sa rai. Aka zo aka tsaya a kan takardar lamunin da gwamnati za ta ba masu zuba jari da kuma jayayya a kan farashi, ko ɗaya ba a gina ba. Ga injinan iska na Lambar Rimi masu megawat 10 da aka faro tun zamanin marigayi Umaru Musa Yar'adua, an haura shekara goma ana abu ɗaya. Tashar wutar ruwa ta Mambila kuwa tun muna samari ake kiran sunanta, ta ƙare a kotun sasanci a Faransa. Ba ina kashe muku gwiwa ba ne, ina so ne kar mutanenmu su rabu da gonarsu a kan alkawari, a wayi gari babu gona babu wuta.

Injiniya: Kawu Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka lissafa haka yake. Bambancin shi ne waɗancan manya ne da za su sayar wa gwamnati wuta a babban layi, shi ya sa sai da lamunin ma'aikatar kuɗi. Wannan namu mu ne masu saye kai tsaye, ba ya jiran sa hannun minista. Kuma irinsa an gani a ƙasa, kasuwar Sabon Gari ta Kano tun 2018 aka fara ba shaguna wutar sola, jami'ar Bayero an buɗe tata mai megawat 7.1 a 2019, ga ƙauyuka da dama a Neja da Nasarawa da ke kan ƙananan tashoshi. Yanzu kuma akwai shirin tallafa wa irin wannan aikin sola mai suna DARES da Bankin Duniya ya amince masa dala miliyan 750 a Disambar 2023, hukumar samar da wuta a karkara, REA, ce ke tafiyar da shi, kamfanin da ya zo garinmu ma a nan yake son neman tallafi. Su kuma tsarinsu sai sun ga takardu cikakku, kuma sai an tabbatar an jona gidaje wuta na zuwa sannan kuɗin ke fita. Shi ya sa kamfanin ba zai yarda ya tsallake ko takarda ɗaya ba, kuɗinsa ne zai maƙale. Amma maganar gona da kuka kawo ita ce ainihin inda muka tsaya, wannan kuma sai Barista.

Barista: Salamu alaikum. Kawu barka da warhaka. Na so in yi shiru saboda maganar ta shafi wani gida, amma tunda abin na gari ne zan faɗi ɓangaren doka kawai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Fili a cikin birni gwamna ke ba da takardar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, kuma ba a sayarwa ko a ba da hayar irin wannan fili mai tsawo ba tare da amincewarta ba. Sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta maye gurbin yardar masu gona. Filin da aka nuna wa kamfanin gonar gado ce da ba a raba ba. Mutum ɗaya ko da shi ne babba a gidan ba shi da ikon bayar da ita shi kaɗai, a shari'ar Musulunci ma haka ne, kowane magaji namiji da mace yana da haƙƙinsa a ciki. In aka yi gini a kai sannan wata 'yar gidan ta kai ƙara kotu, aikin na iya tsayawa cak da fanel a kafe. Lauyan kamfanin ya hango haka shi ya sa ya ƙi karɓar takardar da aka kai masa. Ni a ganina bai yi laifi ba.

Ɗan Gidan Gandu: Tunda an zo nan gara in yi magana da bakina, gonar gidanmu ce. Jama'a wlh mu ba mu ƙi ci gaban gari ba, yadda ake nuna mu da yatsa a kasuwa abin yana mana ciwo. Baffanmu ya amsa wa dagaci a gaban mutane saboda kunya da girmamawa, bai dawo ya tara gida ba. Goggonmu tana aure a wani gari, sai a bakin 'yan biki ta ji wai an ba da gonar ubanta. Ta zo da kanta, tsohuwa ce tana dogara sanda, ta sa na kai ta gonar, ta tsaya a gindin ɗorawar nan guda biyu da ke gefen gabas ta ce tun tana yarinya daga nan ake tara kalwar da ake musu daddawa, har yanzu duk shekara ana aika mata kasonta, ta tambaye ni da su aka bayar ko ban da su. Na rasa abin da zan ce mata don ni ma ban ga takardar ba. Abin da muke tambaya kawai, sayarwa ce ko haya ce ko kyauta? In haya ce shekara nawa, kuma in kamfanin ya tashi gonar ta dawo mana ko ta zama ta gwamnati?

Ɗan Autan Hajiya: Allah sarki. Yaya ka yi haƙuri, mu abin da aka gaya mana daban ne, cewa aka yi kun ƙara kuɗi

Ɗan Gidan Gandu: Ko maganar kuɗi ba a kai ga yi ba balle ƙari.

Barista: Tambayoyinka su ne daidai. Shawarata gare ku haya, ba sayarwa ba kuma ba kyauta ba. A kawo safiyo ya auna iya abin da ake buƙata a kafa duwatsun iyaka, a rubuta shekarun su yi daidai da na yarjejeniyar wutar, a rubuta kuɗin haya da lokacin da za a dinga sake duba shi saboda faɗuwar darajar naira, a rubuta cewa in ba a fara gini ba cikin wa'adi kaza hayar ta warware gona ta koma hannun masu ita, wannan shi zai magance tsoron da Kawu ya faɗa. A kuma rubuta cewa ranar da suka tashi su kwashe ƙarafunansu da kankarensu. Abin da nake gudar muku shi ne a bi ta hanyar gwamnati ta karɓe filin don amfanin jama'a, doka ta ba ta wannan ikon, amma diyyar da ake biya a nan ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gini, ba ta ƙasar kanta ba, kuma in ta tafi ta tafi kenan. Su ɗorawar kuma a tambayi injiniyoyi ko za a iya ja da shinge a bar su a waje.

Injiniya: Za a iya dubawa. Inuwa ce matsalar fanel, in suna gabas da safe za su rufe layin farko, amma in aka matsa yamma kaɗan shike nan. Kilowat 300 da ɗakin batir ba za su cinye gonar duka ba ma.

Ɗan Ruga: Salama alaikum. In za a matsa yamma a tuna da burtali dan Allah. Ta nan shanunmu ke bi su sauka fadama shan ruwa tun kakanni, da ma an riga an matse shi da noma, in aka ƙara shinge a wajen sai dai dabbobi su faɗa gonakin mutane kuma kun san abin da ke biyo baya. Ranar da suka zo awo mun gan su da na'urarsu amma ba wanda ya nemi Arɗo. Mu ma muna son wutar, matanmu nono ke lalace musu saboda zafi, in akwai firij a gari ai mu ma mun huta

Sakataren Ƙungiya: Wannan magana ce babba, na rubuta. Za a gayyaci Arɗo zaman gaba in sha Allah, kuma ranar da safiyo zai dawo a tafi da ku a nuna masa iyakar burtalin da ido.

Mai Walda: Toh ni yanzu na fara gane inda aka dosa, amma fa gaskiya raina bai daina ɓaci ba. Shekara guda cur ana ce mana gwamnati gwamnati alhali rabin abin a cikin garinmu yake, me ya sa kwamiti bai fito ya faɗa ba tun tuni? Da an san gonar gado ce ai da tuni dattawa sun zauna, ko a nemi wani filin, ga filin bayan makarantar firamare nan babu abin da ake yi da shi

Sakataren Ƙungiya: An duba na bayan firamare, kwari ne, da damina ruwa ke kwanciya har gwiwa, kuma filin hukumar ilimi ne, nemansa wata doguwar hanya ce ta daban. Shirun kuma dattawa ne suka ce a bi a hankali kar a kunyata gidan mutane.

Maman Khadija: Amma Malam shirun ai shi ya jawo aka kunyata su ɗin, tunda har a gidan suna ana zancensu

Kawu Mai Fansho: 'Yata kin faɗi gaskiya. Barista ina da wata tambayar. Na ji ana cewa yanzu jihohi ne ke da iko da wutar lantarki, to kar a gama wahalar nan a kai Abuja a ce a koma jiha, ko a kai jiha a ce ba a shirya ba.

Barista: Kawu tambaya ce mai kyau. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta ko a inda babban layi ya kai, a Yuni 2023 kuma Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki. Amma ikon ba ya komawa jiha haka kawai. Sai majalisar jiha ta yi tata dokar, an kafa hukumar kula da wuta ta jiha, an sanar da NERC a rubuce, sannan ta ba da umarnin miƙa ragama, kuma ana ba da wata shida a kammala. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, daga baya irin su Legas da Kogi da Neja da Filato suka bi. Jihar da ba ta kammala wannan ba har gobe NERC ce ke ba da izini a cikinta. Abin da za mu yi shi ne a sa sharaɗi a yarjejeniyar cewa ko an miƙa ragama a tsakiyar tafiya, farashi da sharuɗɗan da aka amince da su suna nan har sai sabuwar hukuma ta zauna da ɓangarorin uku. Kuma tunda ana maganar abin da za a rubuta, akwai taransifomar unguwar kasuwa da mutanen gari suka yi karo-karo suka saya da turakun da 'yan ƙungiya suka kafa, a tabbatar an ambace su a takarda da sunan wanda zai dinga gyara su, kar a yi lissafin hayar waya a manta da wanda ya zuba kuɗinsa. Sannan mita, wa zai biya kuɗinta, in ta lalace wa zai canza, sa'a nawa za a ba da wuta a rana kuma in ba a cika ba ina za a kai kuka. Duk abin da ba a rubuta yanzu ba bayan an saki wuta ba mai sauraronka.

Ɗan Autan Hajiya: Barista duk wannan in aka ce sai an bi ai wata shekarar ce kuma. Ku tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro, arewa kusan gaba ɗaya ta kwana a duhu sama da mako, har birni mutane na yawon neman inda za su yi caji, a lokacin masu sola ne kawai suka tsira. Mu dai a sa hannu a wuce wurin, gyara ya biyo baya

Barista: Ƙanina yarjejeniyar nan ta shekaru ce masu yawa, wataƙila 'ya'yanka ma a ƙarƙashinta za su sayi wuta. Abubuwan da na lissafa zama biyu ko uku ne in an tara mutanen da suka dace, ba su ne ke cin shekara ba. Zan karanta daftarin kyauta in fassara shi da Hausa shafi-shafi a karanta a masallacin Juma'a da islamiyyar matan aure, in dai kwamiti zai karɓo mana kwafi.

Injiniya: Kuma ana iya tafiyar da su tare, ba sai an jira ɗaya ya ƙare ba. Ana sasanta fili, kamfani na tura mutanensa su bi layi da na kamfanin raba wuta, masu takardar muhalli na zamansu da mata da Fulani da 'yan kasuwa. Sakatare ku nemi kamfanin ya ba ku jadawali a rubuce, kowace takarda da wanda ke da alhakinta da ranar da ake sa ran ta, a liƙa a ƙofar fada kowa ya gani.

Ɗan Gidan Gandu: Ni zan yi wa baffa magana yau da daddare, in ya amince a kira goggo da sauran 'yan uwa da ke Kaduna a sa rana. Amma Barista muna so ka zauna a zaman, kuma a zo da limamin gari saboda lissafin rabon kowa ko da haya ce.

Barista: Ba damuwa, Asabar ko Lahadi duk ina gari. Ku zo da duk wata tsohuwar takarda da ta shafi gonar ko da rasit ɗin haraji ne.

Maman Khadija: Malam Sakatare zaman matan fa a sa shi da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, in aka ce da yamma babu wacce za ta fito saboda girki

Sakataren Ƙungiya: Na ji, da hantsi. Gobe zan kira manajan aikin a kan kwafin daftarin da jadawalin, abin da ya ce zan sanar da ku a nan. Ɗan Ruga ka taimaka ka tambayar mana Arɗo ko ranar kasuwa ta yi masa ko sai washegari.